Ina Gawarwakin 504 Suka Shiga?

Gawarwakin motocin Peugeot 504 sun ɓace daga bayan garejoji. Ba a yi shela ba, ba a kafa doka ba, amma duk wanda ya saba ratsa layin makanikai a Kaduna ko Kano ko Zariya zai ba da shaida. A da ba ka wuce gareji ba ka ga uku ko huɗu a jibge ba, tayoyinsu sun daɗe da tafiya, an ɗora su a kan duwatsu, ciyawa ta tsiro ta ƙarƙashinsu, awaki na shan inuwa a gefe, yaran gareji na barcin azahar a kujerar baya. Yau wurin fayau. Inda gawa take an kafa rumfar mai baƙin mai, ko an jera Golf da Sharan da Sienna masu jiran gyara.

Wannan ɓacewa ba ta damun kowa sai wanda ya tashi farfaɗo da tsohuwar motar gidansu. Irinsu kuwa akwai su. Wani motar mahaifinsa ce da ta shekara ashirin a lulluɓe da tamfol, wani a cikinta aka kai mahaifiyarsa ɗakin miji, wani sha'awa ce kawai. Inji ba ya ba su wahala sosai, don injin 504 mai sauƙin kai ne, kuma har gobe akwai masu jin yarensa. Inda ake karo da bango shi ne bodi: ƙofa, bonet, murfin but, fenda, bamba, da sauran ƙarfen da ido ke fara sauka a kansa. A nan ne mai mota zai tsaya tsakanin zaɓi masu wuya. Ya nemi na asali, wanda ya yi ƙaranci kuma ya yi tsada? Ko ya karɓi na kwaikwayo, wanda yake sabo fil amma ba lallai ya zauna ba?

Kafin a gane yadda muka iso nan, sai an tuna yawan da motar nan ta yi a ƙasarmu. Peugeot ta fito da ita a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai ta 1969. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, da wannan but ɗin da ke karyewa ƙasa daga baya, wanda ko cikin duhu ka hango ka san ita ce. A 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motocin Peugeot. Sassan a warwatse suke zuwa daga Faransa, a shekarun farko ma ta jirgin sama ake kwaso su daga Lyon zuwa Kano, sannan a wuce da su Kaduna. Abin ya zo daidai da ƙarin albashin Udoji, lokacin da ma'aikacin gwamnati ya fara ganin mota ba ta fi ƙarfinsa ba. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta mai da Peugeot motar hukuma. Daga nan Fijo ta shiga ko'ina: ofis, bariki, asibiti, fada, tasha. Salun ta manyan ma'aikata, wagon mai layi uku na kujeru ta direbobin Kano zuwa Maiduguri da Jibiya zuwa Maraɗi, a-kori-kura ta 'yan kasuwar ƙauye. Turai ta daina ƙera salun ɗin a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000.

Abin da ya yi yawa irin haka, ba a ganin darajarsa. Idan ƙofarka ta lotse a wancan zamani, mai gyaran bodi zai duba ta, ya ce wa yaronsa, "Ɗauko sifana ka zaga baya." Kafin ka gama shan ruwan da aka kawo maka, yaro ya dawo da ƙofa a ka. Ta gawa ce, amma daga gida ɗaya suka fito da taka, inji ɗaya ya buga su, ramukan notinsu ɗaya. A rataya ta, a ɗan sassauta hinji, a ɗaga, a ɗaure, a tura. Sai ka ji wannan ƙara mai nauyi, ɗif, wadda duk wanda ya taɓa shiga 504 mai lafiya yake riƙe da ita a kunnensa. Babu wanda ya kira wannan ƙofa ta asali a lokacin, domin babu wata da za a bambanta ta da ita. In kuma babu a bayan gareji, akwai a kasuwar Panteka, akwai a ta Ƙofar Ruwa, akwai sabuwa dal a shagunan dilolin kamfani ga mai hali.

Sauyi ya fara ne da faɗuwar naira bayan tsarin tattalin arziki na SAP na 1986. Sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sabon kayan gyara ya gagari direba. Sai kasuwar gwanjo ta buɗe, motoci da sassan motoci suka riƙa kwararowa daga Turai ta Kwatano da Legas, aka sa musu suna Beljiyam ko daga wace ƙasa suka taso. A gefe guda kuma kayan kwaikwayo daga Asiya suka cika kasuwannin Ladipo da Nkpor, suka gangaro Arewa, aka sa musu suna Taiwan. Tun daga lokacin tambayar mai shago ta zama guda: "Alhaji, orijinal kake so, ko Beljiyam, ko Taiwan?" Farashi uku, daraja uku. Har yau a kan wannan tambayar ake tafiya, sai dai amsar farko ta kusa ƙarewa.

Abin da ya ƙarasa ta shi ne sikeli. Da tsohon ƙarfe ya yi kuɗi, 'yan jari-bola suka bi gida-gida da gareji-gareji suna saye da kilo, ana loda tireloli zuwa masana'antun narkar da ƙarfe, a mai da shi rodin gini. Ban ga laifin yaron da ke tura kura yana neman abincinsa ba, ban kuma ga laifin mai garejin da ya samu fili da ɗan kuɗi a lokaci ɗaya ba. An rage tarkace, an rage maɓoyar macizai da sauro, wannan gaskiya ne. Amma sikeli bai san ƙofa mai lafiya da ruɓaɓɓiya ba, nauyi kawai ya sani. Kuma ƙarfen da aka narkar a Arewa yana cikin mafi lafiyar da ya saura a duniya, saboda ƙasarmu busasshiya ce. Motar Turai gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara ne ke cinye ta daga ƙasa, ta Legas iskar teku, tamu kuwa rana ce ke kashe fenti da roba, lodi da ramuka su tsattsaga ta, amma ƙarfen yakan zauna garau. Duk wanda ke da ragowar 504 ko 404 ko 505 a bayan gida, kafin ya kira mai sikeli ya fara kiran mai gyaran bodi ya duba ƙofofi da bonet da fitilu. Sau da yawa ƙofa guda mai kyau ta fi abin da sikeli zai ba shi a kan rabin motar.

To, ga mai mota ya rasa ta gida, ya koma wa na kwaikwayo. Kama da wane ba ta wane, in ji masu iya magana, kuma babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar ranar da za a ɗora sabon fenda. A shago yana sheƙi da baƙin fentinsa, ba lotsa, ba tsatsa. A jikin mota sai ka ga ramin noti na uku ya kauce da ɗan kaɗan, layin da ya taho daga ƙofa ya iso kan fenda ya dushe, bakin da ya kamata ya rungumi fitila ya bar wani gurbi da ɗan yatsa zai shiga. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin asali yana buga ƙarfe da manyan injuna, a matakai da yawa, a kan ma'aunin da injiniyoyinsa suka zana. Mai kwaikwayo na araha kuwa tsohon fenda yake samu ya auna, ya yi nasa ma'aunin a kansa, da duk wata karkata da shekaru suka sa masa, sannan ya rage matakan bugu, wani lokaci ya rage kaurin ƙarfen. Shi ya sa kusurwoyinsa ba su da kaifi, kuma in ka ƙwanƙwasa sai ka ji ƙarar gwangwani.

Duk da haka ana sa shi ya zauna, in an samu mai hannu. Ƙa'idar farko ita ce ba a fenti sai an gwada. A ɗora komai tsirara, a fara daga inda ba ya motsi, wato bayan mota, a daidaita ƙofar baya da shi, ƙofar gaba ta bi ta baya, fenda ya bi ƙofar gaba, bonet ya zo a ƙarshe. A sa robar ƙofa, a sa gilas da abin ɗaga shi ko wani abu mai nauyinsu, domin ƙofar da ta zauna daidai tana fanko za ta sunkuya in an cika ta. Tsagar da ke tsakanin ƙofa da ƙofa, wajen milimita 4 ko 5, ta tafi bai ɗaya daga sama har ƙasa. Inda rami ya kauce a faɗaɗa shi da magagari, inda baki ya gaza a ƙara masa da walda a goge, inda ya yi yawa a yanke a sake naɗewa. Wannan aikin kwanaki ne. Kuɗin da aka rage a shago yakan dawo ya fita a gareji har da riba, araha dai ba ta ado. Mai motar da ya matsa wa mai gyara da "gobe nake son abata" shi ne zai karɓi mota mai fila kamar an yi yaɓen ɗaki.

Kada kuma a ɗauka duk abin da aka kira na asali alheri ne. Ƙofar Beljiyam takan zo da fenti mai kyau a waje, amma in ka kifa ta ka duba naɗin ƙasa, inda ramukan fitar ruwa suke, sai ka tarar tsatsa ta kumbura ta daga ciki. Ƙofar gida kuma wataƙila ta sha karo sau biyu an rufe da fila. Masu saye na ƙwarai da ɗan mayen ƙarfe suke yawo a aljihu, su bi jikin ƙofa da shi, inda ya ƙi kamawa akwai magana. Ga kuma bambancin da ke tsakanin motocin kansu. Wagon ta fi salun tsawo tsakanin tayar gaba da ta baya, mita 2.90 da mita 2.74, ƙofofinsu na baya ba sa shiga wa juna. Motar da aka shekara talatin da wani abu ana ƙerawa a ƙasashe daban-daban, Faransa da Ajantina da Kenya da Nijeriya, dole a samu ƙananan sauye-sauye a hannun ƙofa da fitila da bamba. Har ma ƙofar da ta dace ɗari bisa ɗari tana iya ƙin zama, saboda ita motar ce ta karkace bayan shekaru tana ɗaukar buhunan masara.

Akwai wurin da na fi son sabon ƙarfe ba tare da wata tantama ba. Salun da wagon ba su da shasi na daban da aka ɗora bodi a kai. Bodin ne shasin. Ƙasan mota, da dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, da ginshiƙan da ke riƙe da rufi, su ke ɗauke da nauyi, su ne kuma ke tsakanin fasinja da ajali ranar karo. In tsatsa ta ci waɗannan, son abin da aka gada ba hujja ba ce ta barinsu. A tokare bakin ƙofofi da ƙarafa kafin a yanka don kada mota ta lanƙwashe, a huda ɗigon waldar kamfani ɗaya bayan ɗaya, a cire ruɓaɓɓen, a sa lafiyayye mai kauri daidai da na da, ko na kwaikwayo ne ko wanda aka lanƙwasa da hannu. Haka ma roba. Robar gilas da ta shekara arba'in a ajiye, ko ba a taɓa buɗe ledarta ba, ta bushe ta mutu. A nan mai kwaikwayo taimako ya yi, ba don shi ba da motoci da yawa suna shan ruwa duk damina.

Nakan ji ana cewa masu gyaran zamanin da su ne masu gaskiya, na yanzu 'yan cuwa-cuwa. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. A wancan zamanin ma an cusa kwali da ragar waya a ramin tsatsa an shafe da fila. An yanka motoci biyu da suka yi haɗari, gaban wannan da bayan waccan, an haɗa an fesa fenti an kai wa dillali. Waldar gas da kabayid, wadda warinta ke cika layi, zafinta yana yaɗuwa ya murɗe faffaɗan ƙarfe, sai an bi da guduma an bi da fila. Injin waldar zamani mai waya ya fi ta tsafta nesa ba kusa ba. Fenti yanzu ana haɗa shi da lamba, ba da ido kawai ba. Da waya a hannu, mai mota a Katsina zai tura hoton abin da yake nema Legas ko Kwatano ko Faransa, ya ga kayan kafin ya biya. Waɗannan duk ci gaba ne, kuma dattawan da kansu da sun samu da sun karɓa hannu biyu.

Abin da suke da shi wanda yake neman kuɓuce mana shi ne tafin hannu. Na ga dattijon da zai kawar da kansa gefe, ya shafa fenda da tafinsa a hankali, ya tsaya a wani wuri da ido bai ga komai ba, ya ce, "Nan ne." Ya sa dunƙulen ƙarfe ta ciki, ƙaramar guduma ta waje, ya fara bugu daga gefen lotsar yana zagayowa tsakiya, domin a cewarsu inda karo ya ƙare nan gyara ke farawa. Inda ƙarfe ya miƙe ya yi tumbi, ya ɗana masa wuta daidai faɗin kwabo har ya yi ja, ya buga, ya danna jiƙaƙƙen tsumma, ƙarfen ya tsuke ya koma mazauninsa. Ƙarar wannan aiki daban take da ta mai gaggawa, ƙanana ce, a jere, ba hayaniya. Irin wannan mutum in ka kawo masa sabon fenda yakan ce, "Alhaji, bari mu ga naka tukuna, da tsohuwar zuma ake magani." Kuma sau da yawa naka ɗin ne zai koma, domin babu fendan da zai zauna wa mota kamar wanda ta fito da shi. Motocin yanzu ba sa koya wa yaro wannan. Bambarsu roba ce, ƙarfensu siriri ne mai tauri, aikinsu cire-ka-sa. Yaron da ya tashi a kansu bai yi laifi ba, abin da kasuwa ta nema ya koya.

A ƙasashen da wannan sha'awa ta daɗe, an sha wannan muhawara an kai wani matsayi. A Ingila, kamfanin British Motor Heritage ya adana ma'aunan bugun ƙarfe na asali, tun 1988 yake fitar da sabon bodin motar MGB da su, ga shi sabo ga shi kuma daga tushe. A Amurka mutum zai iya sayen bodin Mustang na shekarun 1960 sukutum, sabo, da izinin Ford, kuma a Taiwan ake buga shi. Ashe Taiwan ɗin ma hawa-hawa ce, abin da ɗan kasuwa ya biya shi ake ƙera masa, mu ne aka daɗe ana kawo mana na ƙasa. Peugeot na da gidan tarihinta a Sochaux, tana kuma sayar da wasu kayan tsofaffin motocinta. Ƙungiyar FIVA ta masu tsofaffin motoci ta duniya, a yarjejeniyarta ta Turin da ta fara aiki a 2013, ta karkata ga a riƙe kayan asali gwargwadon iko, abin da aka sauya kuma a rubuta shi. A 2024, a gasar Pebble Beach ta Kalifoniya, babbar kyauta ta tafi ga wata Bugatti ta 1934 da aka bari da tsufanta ba a sabunta ta ba, karo na farko da irinta ta ci. Mu ma mun san wannan ba sai an koya mana ba. Mercedes ɗin da aka harbe Janar Murtala a ciki tana gidan tarihi na Onikan a Legas da ramukan harsashinta, kuma babu mai hankalin da zai ce a sauya mata ƙofa.

Motar gidanku ba ta kai wannan ba, amma ita ma tana da nata. Lotsar da ke murfin but wataƙila ranar da yayanka ya fara koyon tuƙi ce. Ba dole a bar ta ba, ba dole kuma a jefar da murfin saboda ita ba. Ni dai a ganina ƙarfen da mota ta zo da shi ya fi cancantar a wahala a kansa, ko da gyaransa ya fi sayen sabo tsada. In ya gagara, na 'yar'uwarta. In babu, na kwaikwayo mai kyau ba abin kunya ba ne, da a bar mota ta ruɓe a tsakar gida ana jiran ƙofar da ba za ta zo ba. Abin da ba na yafewa shi ne a sa na kwaikwayo a rantse na asali ne. Mai shagon da ya goge tambari ya liƙa wani, da mai motar da ya ɓoye wa mai saye inda aka yanka aka haɗa, algus suka yi, kuma a wurin da ya shafi ƙasan mota algus ɗin na iya cin rai. A ɗauki hoto kafin a rufe da fenti, a rubuta abin da aka sauya da inda aka samo shi, a haɗa da takardun mota.

Waɗanda suka koyi bugun bodi a kan 404 da 504 a shekarun 1970 da 1980 yanzu da yawansu sun haura sittin, wasu saba'in, ido ya fara rauni, guduma ta fara nauyi. Mai irin wannan aiki ya neme su tun suna iyawa. Ya biya su kuɗin kwanakin da aikin zai ci, kada ya yi musu cinikin cire-ka-sa, kuma ya roƙi a zaunar da yaro ɗaya a gefe daga ranar da aka kwance ƙofar farko har ranar da za a fesa fenti.